Sarki ne ya yaɗa Kiristanci, ko ya tarar da shi ya riga ya yi nisa?

Ɗan_Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da maganar da nake so masu ilimin tarihi su duba mini. Ni a fahimtata, da Sarki Konstantin na Rum bai karɓi Kiristanci ba, da addinin bai wuce wata 'yar ƙungiya a cikin Yahudawa ba. Shekara kusan 300 ana farautar mabiyansa, sarki na shiga sai ga shi ya cika daula. Wannan bai nuna ƙarfin mulki ne ya yaɗa shi ba? Ba rigima nake nema ba, tarihi nake tambaya. 'Yan'uwa Kiristoci da ke nan, ku ma ku sa baki.

Maman_Rahila: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ma bari in tambaye ka. Sarkin da ke yaƙin neman gadon mulki, me zai kai shi ga rungumar ƙungiyar da ba ta da kowa? Ai sai ya ga mutane a wurin.

Baba_Tsohon_Malami: Ɗan_Fagge, tambayarka mai kyau ce, amma a fara gyara abu biyu. Na farko, addinin ya fita daga cikin Yahudawa tun zamanin almajiran farko, ba a zamanin Konstantin ba. Wajen shekara ta 49 aka yi zama a Urushalima tsakanin Bitrus da Yakubu da Bulus a kan tambaya ɗaya: wanda ba Bayahude ba, in ya ba da gaskiya, sai an yi masa kaciya ya kuma bi dukan dokokin abinci na Attaura? Aka tsaya a kan ba dole ba ne. Wannan hukuncin shi ya buɗe ƙofa ga Girkawa da Suriyawa da sauran al'ummai. Kafin shekara ta 60 Bulus yana rubuta wasiƙu zuwa ga jama'o'i a Koranti da Tasalonika da Filibi da Galatiya da birnin Rum kansa. A 64, da gobara ta ci birnin Rum, Sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin ya karkashe su. Marubucin Rumawa Tasitus, wanda ba ya ƙaunarsu ko kaɗan, shi ya rubuta labarin. Ka ga ke nan har mutanen gari sun san su da sunansu daban da Yahudawa.

Na biyu, ba shekara 300 aka yi ana farautar su ba dare ba rana. Yawancin tsanantawar ta gari-gari ce, ta taso ta lafa. Wadda ta game daula duka ta fara ne da Sarki Desiyus a 250, mafi tsananinta kuma ita ce ta Diyokletiyan daga 303.

AbuHafsat: Allah ya ƙara lafiya Baba. Desiyus ɗin nan shi ne Daƙyanus da malaman tafsiri ke ambata a ƙissar As'habul Kahfi?

Baba_Tsohon_Malami: Shi ne, Malam. Kiristocin Suriya ma suna da labarin samarin da suka ɓuya a kogo kusa da Afisa a zamaninsa. Abin da Desiyus ya yi shi ne ya umarci kowa a daula ya miƙa hadaya ga alloli a gaban jami'ai, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu da dama a Masar, da sunan mutum da sa hannun shaidu. Wasu Kiristoci suka ƙi aka kashe su, wasu suka gudu, da yawa kuma suka miƙa hadayar ko suka sayi takardar da kuɗi. Da ƙura ta lafa sai rigima ta ɓarke a cikin ikilisiya a kan ko za a karɓi waɗanda suka ja da baya.

Ɗan_Fagge: Na ji, Baba. Amma samun jama'a a birane biyar ko goma ba shi ne yaɗuwa ba. Su nawa ne kafin Konstantin?

Injiniya_Jos: Ba a yi ƙidayar addini a lokacin ba, sai kiyasi. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Rodney Stark, ya yi wani lissafi da ya shahara. Ya ce a ɗauka su 1,000 ne a shekara ta 40, suna ƙaruwa da kashi 40 cikin 100 duk shekara goma. Na buga lissafin da kaina: a shekara ta 200 bai wuce 218,000 ba, a 250 ya haura miliyan ɗaya, a 300 ya kai wajen miliyan 6, wato kusan kashi 10 na daular da ake kiyasta mutanenta miliyan 60. In ka bar lissafin ya ci gaba, a 350 sun haura miliyan 30, ba tare da ka sa wani sarki a ciki ba. Kuma kashi 40 a shekara goma ba abin mamaki ba ne, bai kai kashi 4 a shekara ba. Kowane mutum 100 su jawo uku ko huɗu a shekara, shi ke nan.

Lauya_Zazzau: Injiniya, lissafin nan yana da daɗin ji amma ba shaida ba ne. An zaɓi adadin farko da na ƙarshe, sannan aka nemo kason da zai haɗa su. Ko wane addini aka yi wa haka zai fito daidai. Kuma babu abin da ke ci gaba da ƙaruwa a kan kaso ɗaya har abada. Jawo kashi 10 na farko a birane daban ne da jawo manoman ƙauye da dakaru da manyan gidajen sarauta.

Injiniya_Jos: Ban ce shaida ba ce, Barista. Abin da yake nunawa kawai shi ne ba a buƙatar taron dubbai su tuba rana ɗaya kafin a kai miliyoyi.

Maman_Rahila: Ku bar lissafi ku ji shaidar wanda ya gani da idonsa, kuma ba Kirista ba. Wajen 112 gwamnan Bitiniya, a arewacin Turkiyya ta yau, mai suna Filini, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara. Ya ce abin ya kama mutane na kowane shekaru da kowane matsayi, maza da mata, kuma bai tsaya a birane ba, ya shiga ƙauyuka. Ya ce ɗakunan gumaka sun kusa zama kango, naman hadaya ya rasa masu saye. Da ya bincika me suke yi, abin da ya samu shi ne suna taruwa kafin gari ya waye a wata rana tsayayya, su rera waƙa ga Almasihu, su yi alkawari ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba, daga baya su sake haɗuwa su ci abinci. Har bayi mata biyu masu hidima a cikinsu ya sa aka azabtar don ya ji gaskiya. Wannan wajen shekara 200 ne kafin Konstantin.

Zango_Kumasi: Ni abin da ya fi kama hankalina shi ne yadda baƙo ke samun wurin sauka. Mu nan Kumasi mun san wannan. Bahaushe ya sauko daga mota bai san kowa ba, ya tambayi zango, a kai shi wurin mai masauki, ya samu mai jin harshensa da wurin sallah da wanda zai haɗa shi da kasuwa. Haka majami'un Yahudawa suke a biranen Rum. Bulus in ya shiga gari can yake fara zuwa, kuma a can akwai waɗanda ba Yahudawa ba amma suna zuwa sauraro, sun riga sun san labarin Ibrahim da Musa da Girkanci, domin an fassara Attaura zuwa Girkanci a Iskandariya tun kafin haihuwar Annabi Isa. Shi kansa Bulus mai sana'a ne, ɗinkin tanti yake yi. Harshe ɗaya na kasuwa daga Masar har Rum, hanyoyi a gyare, jiragen hatsi na kai da kawowa. Saƙo ba zai rasa mai ɗauka ba.

Hauwa_Nas: Ba wanda ya ambaci jinya. Annoba biyu manya sun ratsa daular, ɗaya daga 165, ɗaya wajen 250. Bishop Diyonisiyus na Iskandariya ya rubuta yadda mutane ke tsere wa 'yan'uwansu marasa lafiya, su kuwa Kiristoci suna zama da nasu, suna wanke su, suna binne su, da yawa suna kamuwa su mutu. A aikinmu mun sani, mai zazzaɓi mai zafi ko ba magani, in akwai mai ba shi ruwa da abinci da mai juya shi, damar tashinsa ta fi ta wanda aka rufe wa ƙofa. Wanda maƙwabciyarsa Kirista ta yi jinyarsa ya tashi, danginsa kuwa sun gudu, ina kuke jin zai nufa bayan annoba?

Baba_Tsohon_Malami: 'Yata Hauwa ta taɓo jijiyar. A 251 Bishop Karniliyus na Rum ya lissafa a wata wasiƙa cewa ikilisiyar birnin tana ɗauke da nauyin gwauraye da mabukata fiye da 1,500, tana da dattawa 46. Wannan ƙungiya ce da doka ba ta amince da ita ba, amma tana da asusu da tsari. Sarki Juliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363 yana ƙoƙarin maido da bautar alloli, da kansa ya koka cewa Galilawa, haka yake kiransu, suna ciyar da matalautansu har da na wasu. Ya umarci firistocinsa su kwaikwaye su.

Lauya_Zazzau: Duk na yarda da waɗannan. Amma ku dubi Farisa. Kiristanci ya shiga can da wuri, ta Edessa da harshen Suriyanci. Suna da bishop-bishop, suna da jinya da sadaka iri ɗaya, sun yi babban taro a Mada'in, babban birnin daular, a 410, 'yan mishan ɗinsu sun kai har Sin a 635, akwai dutsen da aka kafa a 781 da ke ba da labarin. Duk da haka ba su taɓa zama masu rinjaye a Farisa ba, domin sarakunan Majusawa ne. Inda sarki ya shiga, kamar Rum da Armeniya da Habasha, ƙasa ta bi. Inda bai shiga ba suka zauna tsiraru. Wannan ita ce hujjar Ɗan_Fagge, kuma ban ga wanda ya ture ta ba.

Ɗan_Fagge: Yauwa Barista, abin da nake son faɗa ke nan.

AbuHafsat: Kuma ba Konstantin ne ya tara shugabannin coci a birnin Nikiya ya zaɓa musu littattafan da za su bi ba? Na ji an ce Ariyus, wani malamin coci na Iskandariya, mai tauhidi ne, sarki ya danne shi.

Ɗan_Wusasa: Malam AbuHafsat, wannan magana tana yawo sosai amma ba haka ba ne. Taron Nikiya na 325 bai tattauna jerin littattafai ba. Linjila huɗu an riga ana karanta su tare tun wajen 180, Ireniyus na Liyon ya ambace su. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda muke da shi ya fito a wasiƙar Atanasiyus na Iskandariya a 367, Konstantin ya shekara 30 da mutuwa. Abin da aka yi gardama a kai shi ne matsayin Yesu. Ariyus ya ce Yesu halitta ne da aka yi kafin komai, ta wurinsa aka halicci duniya, kuma ya yarda an gicciye shi ya tashi. Ka ga wannan ba aƙidar Musulunci ba ce, ba kuma tamu ba ce. Sannan ɗan Konstantin da ya gaje shi a gabas, Konstantiyus, ɓangaren masu ra'ayin Ariyus ya goya wa baya. Sau biyar ana korar Atanasiyus, mai kare aƙidar Nikiya, daga kujerarsa ta bishop. Da ra'ayin sarki ne ke yanke hukunci, da ba aƙidar Nikiya ce ta tsaya ba.

AbuHafsat: Mu dai a wurinmu Annabi Isa, alaihis salam, manzon Allah ne, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Amma na gode da bayanin Ariyus.

Mai_Kula_da_Zaure: Jama'a, kowa ya san aƙidar ɗan'uwansa, kuma an faɗa cikin mutunci. A tsaya a kan tarihin yaɗuwa don Allah.

Baba_Tsohon_Malami: A koma kan Konstantin ɗin. A 312 ya ci yaƙin gadar Milbiyan a bakin Rum. A 313 shi da abokin mulkinsa Lisiniyus suka amince a Milan kowa ya bi addinin da yake so, a mayar wa Kiristoci dukiyarsu. Bai mai da Kiristanci addinin daula ba, bai hana bautar gumaka ba, shi kansa sai a 337 yana gab da mutuwa aka yi masa baftisma. Amma ya zuba kuɗi: ya gina manyan majami'u a Rum da Urushalima, ya ɗauke wa limaman coci wasu nauye-nauyen gwamnati, a 321 ya sa Lahadi ta zama ranar hutu. Daga nan mai neman muƙami ya san inda iska ke kaɗawa. Tilas ta zo ne daga baya. Sarki Tiyodosiyus a 380 ya ayyana aƙidar Nikiya a matsayin ta daula, a 391 da 392 aka haramta hadayu, a lokacin ne aka rushe babban haikalin Serafis a Iskandariya. Wannan ɓangaren ba abin ɓoyewa ba ne. Waɗanda aka tsananta wa jiya sun sami iko, wasunsu kuma suka tsananta wa wasu, har da 'yan'uwansu Kiristoci.

Maman_Rahila: Gaskiya ne Baba, kuma abin yana mini ciwo duk lokacin da na karanta. Amma ina roƙon kada a shafe waɗanda suka riga sarki. Perpetuwa, matashiya mai shayarwa, da Felisitas baiwa, an jefa su ga namun daji a Kartaj a 203. Mahaifin Perpetuwa ya yi ta roƙon ta ta miƙa hadayar ta koma ga jaririnta. Wane sarki ne ya sa ta ƙi?

Ummi_Bakkwato: Kartaj ɗin nan a Tunisiya take fa, a lura. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar Kiristanci kayan Turawa. A Khartum na yi karatu, kuma a gidan tarihi na ƙasa na ga zanen bango da aka ciro daga babban cocin Faras kafin ruwan dam ɗin Aswan ya shanye wurin. Akwai bishop-bishop baƙaƙen fata a zanen, da rubutun Girkanci da na tsohon harshen Nuba. Masarautun Nuba sun fara karɓar addinin tun wajen 543, Dongola ta yi ɗaruruwan shekaru tana Kirista, Soba kuma tana nan kusa da Khartum. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 nake tunanin kayan gidan nan, don an ba da rahoton an wawashe shi.

AbuHafsat: Habasha ma ai mun sani. Najjashi da ya karɓi sahabbai a hijirar farko sarkin Kiristoci ne.

Ɗan_Wusasa: Ƙwarai. Kusan shekara 300 kafin wannan hijira Sarki Ezana na Aksum ya karɓi addinin ta hannun Furumentiyus, wani yaro daga Taya da aka kama a bakin teku ya tashi a fada. Kuɗin Ezana na farko suna da alamar wata da faifan rana, na baya suna da gicciye. A lokacin kakannin Ingilishi ba su san Kiristanci ba. Mu nan ƙasar Hausa ne ya iso mana a makare ta hannun 'yan mishan, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai 1932. Shi ya sa muke ganin kamar daga Ingila ya taso.

Bagobiri_Maraɗi: To mu Gobirawa da ake cewa asalinmu Kibɗawan Masar ne fa? Ko addinin ya taɓa zuwa nan tun da can?

Baba_Tsohon_Malami: Maganar asalin Kibɗawa tana cikin labaran asali, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo ta. Amma labarin asali daban, shaidar coci daban. A Nuba an tono gine-gine da kaburbura da rubuce-rubuce. Kada mu ɗora wa Gobir abin da ƙasa ba ta nuna ba.

Lauya_Zazzau: Misalin Afirka ma yana taimakon hujjata. Arewacin Afirka ta fitar da manyan malaman coci irin su Tartuliyan da Sifiriyan da Agustin, wanda aka haifa a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Bishop ɗaruruwa ne a yankin. Da mulki ya koma hannun Larabawa Musulmi, a hankali ikilisiyar ta ɓace gaba ɗaya.

Maman_Rahila: Amma Barista, Masar ma mulki ya sauya tun 641, ga Kibɗawa nan miliyoyi har yau. Bambancin shi ne a Masar an juya Littafi zuwa harshen manoma tun da wuri, kuma sufaye irin su Antoni da Pakomiyus 'yan ƙasa ne masu magana da Kibɗanci. A Kartaj kuwa komai da Latin ake yi, ba a san an fassara Littafi zuwa harshen Berber ba, ga rikicin 'yan Donatus, mabiyan wani bishop da suka ɓalle daga sauran ikilisiya, da ya raba su gida biyu fiye da shekara 100. Inda addinin ya shiga harshen uwa ya zauna ko ba sarki. Suriyawa da Armeniyawa ma haka.

Ɗan_Fagge: Yaya Maman_Rahila, na karɓi cewa ba 'yar ƙungiya ba ce a 312. Filini da maganar gwauraye 1,500 sun ishe ni a nan. Amma daga kashi 10 zuwa kusan kowa, har yanzu ina ganin hannun mulki ne.

Injiniya_Jos: Ko kashi 10 ɗin ba a baje yake daidai ba. Gabas ta fi yamma nesa ba kusa ba. Wasu garuruwan Asiya Ƙarama, wato Turkiyya ta yau, da na Masar sun cika da su, ƙauyukan Faransa ta yau kuwa sai zamanin Bishop Martin na Tur, bayan 370, aka fara shiga da gaske.

Baba_Tsohon_Malami: Har bayan haka ma. A 542, shekara 230 bayan gadar Milbiyan, an tura wani malamin coci, Yohanna na Afisa, duwatsun yammacin Asiya Ƙarama, yankin da Bulus ya yi wa'azi, ya tarar da ƙauyuka cike da masu bautar alloli, ya yi wa dubbai baftisma. Dokar sarki ta daɗe a takarda kafin ta hau dutse.

Lauya_Zazzau: Wa ya tura shi, Baba, kuma wa ya biya kuɗin gina majami'un? Sarki Justiniyan ne.

Hauwa_Nas: Shekarar 542 ɗin ita ce kuma annoba ta shiga Konstantinoful, wato Istanbul ta yau, Yohanna da kansa ya rubuta abin da ya gani a hanya, ƙauyuka ba mai girbe hatsi. A haɗa da wannan in ana lissafin dalilin da ya sa mutanen duwatsun suka saurare shi.